Halittun Da Ke Cin Tagulla

Da hantsi Sufeto Abdussamadu ya isa ɗakin gwajin Dokta Ruƙayyatu a Gesse. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa kwamfuta ba. Kwalba ɗaya aka ɗauke.

"Mi ke cikin kwalbar, Dokta?"

"Ƙwayoyin halitta ne, ranka shi daɗe. Ido ba ya ganinsu. Shekara huɗu ina kiwonsu, kuma kwalbar da aka ɗauke ita ce uwar, daga cikinta nake ɗiban iri. In ba kulawa, kwana biyu sun mutu."

Ganin bai gamsu ba, ta jawo wata tasa. Allon cikin tsohuwar waya ne kwance a ruwa shuɗi. Ta ce ƙwayoyin ne suka narkar da tagullar jikinsa, ba wuta, ba hayaƙi. Ta tsoma ƙusa, ta jima, ta fiddo ta ja wur. A gindin tasar ɓarɓashin zinariya na ƙyalli.

"Tabarakallah!" in ji Sufeto. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

Mukullin ɗakin biyu ne: nata, da na Gbenga, mai gyaran waya a Badariya, wanda ke kawo mata matattun wayoyi. Sufeto ya same shi a shagonsa.

"Wallahi, Oga, sati guda ban taka Gesse ba," in ji Gbenga.

"To wa ya kai buhun da na gani can, da sunan shagonka da kwanan watan jiya?"

Gbenga ya share gumi. Ya ce Malam Mujtaba ne, mai sayen tarkace daga Argungu. Mujtaba ne ya nemi ya kai masa buhun tunda hanyarsa ce, shi kuma Gbenga ya ba shi mukulli.

Bayan azahar suka isa Argungu. Mujtaba dattijo ne ramamme, tari na cinsa. Bayan gidansa ƙasa ta yi baƙi ƙirin saboda ƙona wayoyi.

"Ban san wata kwalba ba. Wanga ruwa na rini ne," ya ce, yana nuna wata roba mai ruwa shuɗi.

Sufeto bai yi musu ba. Ya tsinci guntun ƙarfe ya tsoma, suka yi tsaye suna kallo. Sannu a hankali ƙarfen ya rine ja.

"Malam, wane rini ke yi wa ƙarfe rigar tagulla?"

Mujtaba ya zauna daɓas. Ya shiga ɗaki da kyar, ya fito rungume da kwalbar.

"Ni na ɗauka. Shekara ashirin ina ƙona wayoyi don tagulla, hayaƙin ya cinye mini ƙirji, yanzu ya koma kan jikokina. Ran da na ga abin ga wurin Dokta yana aikina ba wuta, sai na kasa haƙuri. Ka ga ikon Allah, ɗana? Abin da bai kai ƙura ba!"

"Da ka roƙa, Malam."

"Wa zai ba irina?"

Aka sa shi a mota. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya miƙa hannu zai ɗaure bakin kwalbar da leda, Mujtaba ya yi kururuwa.

"Kar ka toshe! Numfashi suke yi!"

Sufeto ya karɓe ta, ya ɗora bisa cinyarsa, ya tallafe da hannu biyu.

"Direba," ya ce, "tahi a hankali. Muna da fasinjoji da yawa."