Wa Ya Haɗa Batirin Placetas?

Motar Yanelis ba ta tashi mutuwa ba sai a ƙofar shagon batirin da babanta ya hana ta ko kallo. Ta fito tana tsaki, sai ga wani dogon saurayi yana goge hannu da tsumma.

"Kan batirin ne ya yi gishiri, 'yammata. Bari in..."

"A gareji aka haife ni. Miƙo min sifana kawai."

Ya miƙa, ya saki baki yana kallonta. Dariel ke nan, jikan Rivalta, wanda ya kafa shagon. Kafin motar ta tashi har ya karɓi lambarta, ita ma dai ba ta ja masa aji ba.

To, ga inda matsalar take. A 1962, da aka daina shigo da batir Kuba, motar da ke kai marasa lafiya asibiti a garin Placetas ta tsaya cak. Aminai biyu, Quesada kakan Yanelis da Rivalta, suka narka darma suka haɗa mata batir da hannu. Daga baya kowa ya ce aikinsa ne. Sun mutu ba sa ga maciji, kuma har yau allon shagon kowane gida cewa yake gidansu ne na farko.

Saƙonni kuwa suka yi ta tafiya tsakanin Dariel da Yanelis.

"Zumata, yau sau biyu na jona waya a baibai. Laifinki ne."

"Oho dai. Ka ci abinci, ɗan gidan maƙiya?"

Da Evelio, babanta, ya ji labari, sai da ya ture kofin kofinsa.

"Jikan ɓarawon suna? Ko ya sauke allonsu, ko ba aure!"

Dariel ya ce, "Baba, ina son Yanelis kamar raina, amma ba zan goge sunan kakana ba."

Wallahi sai ta ji ya ƙara burge ta, ko da yake ta sha kuka. Washegari ta nuna wa babanta tsohon batirin nan na 1962 da ke kan kantar falonsu, kusa da hoton marigayi kakanta.

"Baba, kai ka koya min duk mai zuba darma yana zana alamarsa kafin a rufe da kwalta. A buɗe mu gani."

Ta tura wa Dariel saƙo: "Gobe da safe ka zo. Tsoro nake ji, masoyina. Duk wanda ya sha kaye ba zai yafe ba."

Aka taru a tsakar gida. Kaka Zoila, mahaifiyar Evelio, tana gefe tana tsince wake. Dariel ya ɗumama kwaltar, Yanelis ta ɓamɓare da wuƙa. Gida uku ne da batirin. A na dama ga Q, Evelio ya bugi ƙirji. A na hagu ga R, ya sauke hannunsa. Na tsakiya kuwa ɗan fure ne, an zana shi da tsinke.

"Wannan kuma na wa?"

"Nawa ne," in ji Kaka, ko kai ba ta ɗago ba. "Da tsinken gashina na yi. Su biyun sun tsaya musu darma na hucewa, na karɓi ludayin na zuba."

"Mama! Shekara sittin ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Evelio ya daɗe yana shafa furen da yatsa, idonsa ya ciko. Can ya juya ga Dariel.

"Ɗana, ka iya fenti?"

Ranar ɗaurin aure aka gasa alade, aka dafa shinkafa da baƙin wake, rabin Placetas ya hallara. Motar amarya ta tashi a murɗa ɗaya da batirin da ango da amarya suka haɗa tare. Suka bi ta gaban shagunan biyu, kowanne da sabon allo: Zoila, Quesada da Rivalta. Yanelis ta matse hannun mijinta, ƙirjinta cike da alfahari.

Kaka, da ke gidan gaba, ta sa aka tsaya ta karanta allon sau biyu.

"Haka ya kamata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya mace mai hannuna. Ja mu tafi."