Sulen Finikiya a Rumfar Albasa

"Tashi, tsoho! Aje gudumar!"

Attahiru bai gama ɗaga kai ba ya ji bakin bindiga a wuyansa. Rana tsaka, ranar kasuwar Jega, mutane cike da layin maƙera, amma babu wanda ya yi motsi. Biyu suka ja shi, na ukun yana cikin farar fijo da injin a kunne. Suka cusa shi baya. Ƙofa – gam! Motar ta watsa tiren wata mai goro, ta miƙa hanyar Aliero.

Attahiru maƙerin azurfa ne, ɗan Jiga Makera, ya tsufa a bakin wuta. Bai tambayi ko su wane ne ba. Duk ƙasar ta ji labarin 'yan fashin da suka tare motar Nasif, tsohon Kwaran nan, Balaraben da ke sayen fatu, a hanyar Maiyama. Sun fasa wa Kwaran kai, sun tsinke abin wuyansa, sun harbe direbansa. Direban nan Abdussalam ne, ɗan Iyatu ƙanwar Attahiru, wanda ya tashi a ɗakin Attahiru tun yana rarrafe. Da hannunsa ya sa shi a kabari.

Bayan Aliero suka bar kwalta, suka ratsa gonaki, suka tsaya a wata rumfar ajiyar albasa da aka daina amfani da ita. Warin ruɓaɓɓiyar albasa ya cika wurin. Shugabansu, dogo mai tabo a haɓa, ya tsuguna gabansa.

"Ni ne Arzika. Wancan ƙanena ne, Buba. Mai tuƙi Waliyyu. Na hwaɗa maka sunayenmu don ka san ba mu tsoron kowa." Ya miƙa hannu. "Buba, kawo kayan."

Buba ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance. Sulen azurfa ne, mai kauri, baƙi-baƙi, gefensa ba daidai ba.

"An ce kai kaɗ ɗaura mai zobe lokacin da Kwaran ya so rataya shi," in ji Arzika. "Kenan ka san shi. Akwai mai saye can ƙetaren iyaka. In na gaske ne, mun haye. In jabu munka kai mai, ba mu dawowa da kawunanmu. Duba muna."

Attahiru ya karɓa. Nauyin kawai ya isa. Ya tuna ranar da Nasif ya kawo shi, yana cewa gadon kakansa ne daga garinsu Saida, mutanen tsohuwar ƙasar Finikiya ne suka buga shi tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ga jirgin ruwa mai layin matuƙa a fuska ɗaya. Ga sarki a keken dawaki a ɗayar. Hoton ya ɗan karkace gefe, kamar yadda bugun guduma ke yi. Babu ɗinki a baki, babu ƙurajen da zubin jabu ke bari. Baƙin da ke cikin ramukan zanen na shekaru ne, ba na hayaƙi ba.

Na gaske ne, babu ko shakka. A kan wannan abin aka kashe Abdussalam.

"Wa ya harbi direban?" ya tambaya, idonsa a kan sulen.

"Mi ya shahe ka?" Buba ya yi dariya. "Ni ne. Taurin kai garai, ya ƙi tsayawa."

Attahiru ya gyaɗa kai. Ya juya sulen, ya kanga shi a hasken da ke shigowa ta zana, ya lasa, ya kankare gefen da farce. Bai yi sauri ba. Sannan ya sake shi a kan turɓaya, inda ya san ko wace azurfa ba za ta yi amo ba. Ƙus!

"Kun ji? Azurfa kuka take yi. Wanga bebe ne." Ya ture shi da ƙafa. "Zubi ne. Dalma da kuza, anka shahe da toka."

"Ƙarya kake!" Arzika ya shaƙo rigarsa.

"Harbe ni, shi koma azurfa. Na Kwaran na riƙe shi da hannuna, na gaske ne. Wanga ba shi ba ne. Ko wata bai yi da hitowa wuta ba." Ya dubi Arzika ido cikin ido. "Daga wuyan Kwaran zuwa nan, hannun wa ya kwana?"

Arzika ya saki rigar, ya juya ya dubi mutanensa.

A daidai lokacin, Sufeto Thomas, wanda ya biyo sawun fijon daga Jega, yana tsaye a tashar Aliero da 'yan sanda cike da bayan Landiroba. Sabuwar jiha ce, rediyon motar ma ba ya aiki, sai tambaya da baki. Wata mai fura, Mairama, ta nuna masa da ludayi. "Farar mota? Ta bi ta gonaki, kamar aljanu ke tuƙa ta."

A rumfa, Waliyyu ne ya fara ja da baya. "Oga, wajen Buba yake tun ranar. Kuma ya tai Jega shi kaɗai, ya ce sigari za ya saye."

"Kai, rufa muna baki!" Buba ya daka masa tsawa. Ya juyo. "Yaya, wallahi ban taɓa shi ba! Tsohon ga munahuki ne!"

"Ina na gasken, Buba?"

"Shi ne wanga!"

"Ni za ka yi wa wayo? Ni da na koya maka riƙon ƙarhe?"

"Yaya, uwa ɗaya ta haihe mu—"

Hannun Buba ya tafi ƙugu. Ko rantsuwa zai yi, ko bindiga zai ciro, babu wanda ya sani. Arzika ya riga shi.

Tau! Tau!

Buba ya faɗa kan zana, ya zame ƙasa. Waliyyu ya yi waje da gudu – mota! Arzika ya juyo kan Attahiru, idonsa jajir. Tsohon ya kai hannu ya cafke bakin bindigar. Tau! Zafi ya ratsa hannunsa har kafaɗa. Bai saki ba. Suka yi ƙasa tare cikin ɓawon albasa.

"Kowa ya tsaya! 'Yan sanda!"

Ƙarar harbin ce ta jawo su. Waliyyu ya tada fijo, ya yi baya a guje, ya afka ramin rijiyar ban ruwa. Suka fiddo shi da karyayyar ƙafa yana kiran sunan uwarsa. Mutum uku suka danne Arzika kafin ankwa ta shiga.

Sufeto Thomas ya ɗauki sulen daga turɓaya ya sa a aljihun gaba. Ya yage rawanin Attahiru ya ɗaure masa hannu. Yatsu biyu sun tafi, babban yatsa da manuni, na dama. Attahiru ya dubi abin da ya rage. Ya san ya gama riƙe guduma.

Aka ɗora Attahiru da Arzika a bayan Landiroba ɗaya, gawar Buba a tsakaninsu, an rufe ta da buhun albasa. Abdussalam yana kabari. Nasif yana asibiti, bai san inda yake ba. Motar ta hau kwalta ta nufi Jega.

Sun yi nisa kafin Arzika ya ɗago. Muryarsa ta dushe.

"Tsoho. Ina ya ɓoye na gasken?"

"Bai ɓoye komi ba."

"Mi kac ce?"

"Na gaske ne. Tun da na ɗauka na sani." Attahiru ya matso har gwiwarsu ta haɗu. "Direban da kunka kashe, ni na yi mai wanka. Ɗana ne. Ƙanenka gaskiya ya hwaɗa maka, kai kuma ka harbe shi."

Arzika ya yi wani irin ihu, ya zabura da ankwa a hannu. 'Yan sanda suka maida shi ƙasa, fuskarsa ta faɗa kan buhun. Nan ya tsaya, yana kiran Buba.

Attahiru ya juya ga Sufeto. "In mun isa, ku sauke ni ƙofar Iyatu kahin asibiti. Ina da magana da ita."