Kwando Uku a Rumbun Muttaƙa

"Muttaƙa ne ɓarawon tabkin nan. Rubuta, Mushe, ni Fadi na faɗa."

Haka ta faɗo biro, wato ofishin Sufeto Gajere, a barikin Magarya, ko sallama babu. "Mushe" take ce masa, yadda ake kiran ma'aikatan bariki. Shekararta talatin tana bandar kifi a ƙauyensu, kusa da Bande. Ɗanta Laminu yana kaso, ran Asabar za a tasa ƙeyarsa aikin tilas a hanyar Damagaram.

Sufeto ya san maganar. Da damina sarkin ruwa yakan rufe tabki don kifi ya zuba ƙwai, ba mai jefa koma sai ranar su, kamun kifin gayya, da rani. Kumandan ma, Baturen da ke mulkin bariki, ya sa hannu. Muttaƙa, wakilin sarkin ruwa, shi ya rantse ya ga Laminu cikin ruwa.

"Kina da shaida, Inna?"

"Ina da hanci. Hayaƙin gidansa ƙarni yake yi. Da damina!"

Washegari Sufeto ya hau doki da jandarma biyu, ita tana gaba a ƙasa.

Ya fara da ɗakin Laminu. Komarsa tana rataye, zanzaro ya yi gini a bakinta, ginin ya bushe ƙamas. Sufeto ya duba, ya ga komar ta daɗe ba ta taɓa ruwa ba.

A rumbun Muttaƙa aka tarar da kwando uku na tarwaɗa ƙyafaffiya.

"Daga ina?"

"Ranka ya daɗe, rabona ne na sun rani."

"Nawa aka ba ka?"

"Kwando huɗu ɗanye. Gaban jama'a aka raba."

Fadi ta tafa hannu. "Ji mutum! Kai da ba ka taɓa zama bakin wuta ba, sai dai a kawo maka cikin miya. Kifi ruwa ne, Mushe. Huɗu ɗanye, in ya sha hayaƙi ɗaya yake komawa. Naka haihuwa ya yi a rumbu?"

"Tsohuwar nan ta ruɗe," in ji Muttaƙa.

Sufeto ya sa aka kira mata biyu masu banda, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ta fari ta ce ɗaya. Ta biyu ta ce ɗaya, in matar gida ba ta ɗanɗana ba.

Sai ya ɗauki tarwaɗa guda ya karya. Maiƙo ya ɓata masa yatsu, ciki cike da ƙwai.

"Kifin rani yana ɗaukar ƙwai haka, Inna?"

"Tambayi mai tsaron tabki."

Muttaƙa ya durƙusa. Ya ce tun farkon ruwa yake shiga. Laminu ya gan shi yana jan taru, shi ya sa ya riga shi zuwa bariki.

Jandarma suka ɗaure shi da igiyar tarun nasa, suka tasa shi gaba.

Ran Juma'a aka saki Laminu. Fadi ba ta yi godiya ba. Ta ja shi har ƙofar biro, ta ɗaga rigarsa, ta juya bayansa ga Sufeto, duk shatar bulala.

"Muttaƙa ya yi ƙarya, na ji. Amma ba shi ya riƙe bulala ba. Wa ya ce a dake shi tun ba a leƙa komarsa ba? Shiga ka gaya wa Kumandan ina nan zaune. Ya fito ya ba ni amsa."