Jar Ƙasar Ranar Alhamis

Safiyatu na tsugune a tsakar gida tana wanke wandon mijinta, ruwan ya koma ja wur. Alhamis ta huɗu ke nan! Tijjani a masaƙar Sharada yake aiki, can kuwa ƙurar auduga ce, fara fat. Ina ya samo jar ƙasa har gwiwa?

"Obatayim ne, ƙarin aiki, Safiya," haka yake cewa kullum yana kau da kai.

Ita kuwa ba ta manta sharaɗin mahaifinta ba. Malam Idrisu ɗan ƙwallo ne mai buga gaba a zamaninsa, lamba tara, har ranar da aka karya masa ƙafa a fili, matarsa Uwani ta shekara tana jinya. Da Tijjani, mai ci wa masaƙa ƙwallo, ya zo neman aure, tsohon ya ce, "Ranar da ka sake taɓa ƙwallo, ranar zan ɗauke 'yata!"

Ana haka Uwani ta yi sallama, ta leƙa bahon.

"Ke, wannan jan fa? Ko yaron nan ya koma?"

"Hanya ce, Inna," in ji Safiyatu. Uwani na fita, Safiyatu ta fashe da kuka, don tana son mijinta.

Ba ta kai ƙara ba. Alhamis ta gaba bayan la'asar ta yafa mayafi, ta bi shi nesa-nesa har filin bayan masaƙa. Ga Tijjani cikin gajeren wando! Kafin ta buɗe baki ta ji wata murya:

"Buga da kai, Tijjani! Da kai mana! Mu a zamaninmu—"

Tsoho ne a kan benci yana kaɗa sanda.

"Baba! Ku ne?"

Malam Idrisu ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Ni na janyo shi, Safiya. Shekara ashirin ina kewar fili. Innarki nake tsoro, asibiti nake ce mata na tafi."

Dariya da hawaye suka zo mata tare. Da ta biye wa zargi ta tona mijinta, da ta tayar da gida biyu a banza. Haƙuri ne ya tsare mata aurenta, amma ɓoye-ɓoye ma ba ya gyara gida.

"Ku tashi, Baba," ta ce. "Inna na jira, da bakinku za ku faɗa mata."

Lamba tara ya dubi surukinsa. "Tijjani, shige gaba."