Mai Ƙuna a Gindin Faifai

Rana na shirin faɗuwa faifan tashar, babban farantin ƙarfen da ke kamo saƙo daga sama, ya ƙi juyawa. Tashar tana tsakiyar fili a Kazakhstan, aikinta karɓar saƙo daga madubin hangen nesa da ke zagaya duniya yana kallon wutar sama wadda ido ba ya gani. A ranar madubin ya hango wani walƙiya a gurbin da aka sani babu komai, ya ɗauki hotonsa. In ya wuce ba a sauke hoton ba, wani hoton zai hau kansa ya goge shi.

Botagoz, injiniyar tashar, ta ɗauki sifana da oba-oba.

"Ki bari in ƙarasa shayina mu tafi tare," in ji Sagindik, dattijon da suke aiki tare, wanda take kira Aga don girmamawa.

"Kafin ka ƙarasa ai madubin ya kai China, Sagindik-aga."

"To uwar gaggawa, a gaida ƙanƙara."

Ta fita. Ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Iska ta saba kawo ƙamshin busasshiyar tazargade. Yau ƙauri ta kawo, irin na gashi in ya sha wuta.

Ta iso ta tarar faifan ya kifa fuskarsa ƙasa. Injin kuwa yana ta gurnani, yana so ya ɗaga shi ya kasa. Ta hau tsani ta duba haƙoran ƙarfen da ke juya shi. Babu ƙanƙara, babu tsatsa. Da ta dafa, ƙarfen da ɗumi.

Oba-oba ya yi tsaki.

"Ɗiyata," muryar Sagindik ce, ƙasa-ƙasa, "wa ya aike ku leƙenmu?"

"Aga, bar wasan nan."

"Wa ya aike ku?"

Wannan karon ba daga oba-oba ta fito ba. Daga saman kanta ne.

Ta ɗaga ido.

Wani abu ne rataye a gefen faifan, dogo, ya riƙe shi da hannu ɗaya. Rabin jikinsa ya ƙone, hayaƙi na fita daga tsagar fatar.

"Tun kafin kakanninki muke laɓewa a can sama," ya ce cikin raɗa. "Idonku ya tsaya a kanmu, aka gan mu, aka jefe mu. Mu da yawa muka hau. Dubi abin da ya dawo."

Ta buɗe baki don ta yi addu'a. Harshe ya ƙi.

Ya cafke wuyan hannunta. Rigar sanyinta ta fara narkewa.

"Kira idon nan naku ya sauko."

"Ba... ba a iya sauko da shi."

"To ke za ki biya."

Ya saki faifan.

Ƙarfe ya yi ƙara. Haƙoran suka fara juyawa, shi kuma yana jan hannunta zuwa tsakaninsu.

Haƙoran suka kama bakin hannun rigar.

Ta zuge zif da ɗaya hannun, ta zare jikinta, ta saki tsani.

Ta faɗo a kafaɗa. Ta miƙe. Ta runtuma.

A bayanta ana tafiya, ba gudu ba, amma ƙaurin na ƙara matsowa. Ɗumi ya taɓa ƙeyarta.

Sai fitilar mota ta haske ta. Sagindik ya finciko ta ciki, ya kalli bayanta sau ɗaya, ya juya kan motar yana salati da ƙarfi. Bai tsaya ba sai da suka isa gari.

Hoton ya sauka daidai. Masana suka ce fashewa ce irin wadda ba a saba gani ba, suka yi ta murna.

Botagoz ta ajiye aiki, ta koma gidan yayarta a Almaty. Ƙunar hannunta ta warke ta bar shatin yatsu. Madubin kuwa yana nan yana zagayensa. Duk lokacin da zai gifta saman garin, ko tana kasuwa ko tana kan sallaya, sai shatin ya ɗau zafi, ta ji ana jan hannun a hankali zuwa sama.