Addu'ar da Nafi'u Ya Goge

Ku rage hasken fitilar nan, ku matso. Mai tsoro ya tashi tun yanzu, kada ya tashe mu da ihu.

Nafi'u mutumin Funtuwa ne, yana da ɗan shagon kwamfuta a bayan tasha. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ba ta iya rubutu ba, don haka duk shekarun da ya yi a makaranta saƙon murya take tura masa. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta ba shi labarin akuyarta, ta yi masa faɗa kan rashin kira. Amma kowane saƙo da magana ɗaya take rufe shi: "Allah ya yi maka albarka."

Da ta rasu, ya tattara su, ɗari biyu da goma sha huɗu, ya zuba a ma'ajiyar intanet da makarantarsu ta ba ɗalibai. Daga baya wayar ta faɗa ruwa. A ma'ajiyar kaɗai muryar Inna ta rage.

Ya jera su folda cikin folda, ta shekara, ta wata, ta mako. Da yake ɗan halak ne, hannunsa bai iya rubuta sunanta haka kawai ba. Kowace folda sai ya sa mata: Inna, Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Sai makaranta ta aiko cewa ranar Juma'a da ƙarfe biyu za a rufe ma'ajiyar tsofaffin ɗalibai. Nafi'u kuwa sarkin "sai gobe" ne. Bai tashi kwashewa ba sai ranar.

Ya danna. Kwamfuta ta ce ba ta ga hanyar fayil ba. Ya sake, haka. Ya canza filashi, ya kashe ya kunna, ya zagi kamfanin waya. Gumi ya jiƙa masa riga.

Ladan ya kira salla. Maƙwabta suka ja ƙofofinsu suka tafi masallaci. Nafi'u ya ce, "Bari in gama wannan." Layi ya yi tsit, ko kaza babu. Kun dai san tsakar rana ba ta mutane kaɗai ba ce.

Bai ji takun kowa ba. Bai ji sallama ba. Ɗaga kai kawai ya yi, ya ga wani dogon mutum tsaye a bayansa, riga fara fes.

"Ta ƙi?" in ji mutumin.

"Ta ƙi, Malam."

Leɓensa ne ke fara motsi, sannan magana ta biyo baya, kamar kiran bidiyo in sabis ya yi rauni. Nafi'u ya lura. Sai ya kalli agogo, ya kawar da kai.

"Sunayen folda take bi, ɗaya bayan ɗaya, kafin ta kai ga fayil," in ji baƙon. "Naka sun yi mata tsawo. Rage."

"Me zan rage?"

"Abin da ba suna ba."

Gaskiya ya faɗa, Nafi'u ma ya san haka. Abin da ya sa ya faɗa tarkon ke nan. Ya buɗe folda ta farko. Ya goge "ya sa Aljanna ce makomarta". Kwamfuta ta ƙi.

"Ƙara."

Ya goge "ya haskaka kabarinta".

"Ƙara."

Ya goge "Allah ya jiƙanta". Nan take saƙonni suka fara gangarowa.

Haka ya bi su duka. Duk wadda ya goge, sai ya ji baƙon ya haɗiye wani abu, maƙwat. Shago ya yi sanyi, ga rana na dukan kwano. Da allon ya ɗan yi duhu, Nafi'u ya ga fuskarsa a ciki, ya ga bango a bayansa. Bai ga kowa a tsakani ba.

Saura minti uku biyu ta cika, na ƙarshe ya sauka.

Baƙon ya nufi ƙofa. A bakin labule ya tsaya, bai waiwayo ba. Sai ga muryar Inna Tabawa sak ta fito daga bakinsa, har da ɗan tarin nan nata: "Allah ya yi maka..."

Ya haɗiye sauran. Labule ko motsi bai yi ba.

Masu dawowa daga masallaci suka tarar da Nafi'u a ƙasa, yana kunna saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Komai na nan. Akuya na nan, faɗan na nan, "ka ci abinci?" na nan. Amma duk inda Inna ta ja numfashi za ta sa albarka, sai saƙon ya yanke. Duka ɗari biyu da goma sha huɗun.

Ya mayar da addu'o'in kan folda. Ya roƙi makaranta, aka ce ma'ajiya ta rufu. Malamai sun yi rubutu, masu gyara sun gwada. Babu.

Har yau yana nan bayan tasha. In babu kowa, sai ya kunna ɗaya, ya sa kunne, ko Allah zai sa ta ƙarasa. Wallahi tausayi yake ba ni.

Don haka in ladan ya kira ran Juma'a, kada wanda ya zauna shi kaɗai a shago. In kuma wani ya ce ku rage addu'a hanya ta buɗe, ku dubi bakinsa tukuna.