Kofin da Nermin Ta Roƙa

Ranar da za a zo neman auren Gulizar, tun hantsi Kawu Shaban yake zaune a falo cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan. Shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta, a ƙauyensu kusa da Torbali. Kawu fari ne sol, ita kuwa launin babanta ta ɗauko, ɗan baƙaƙen Turkawan nan da suka fi shekara ɗari suna noman auduga a yankin.

Saurayin, Erdal, marubucin finafinan soyayya ne a Istanbul. Ya gaya wa mahaifiyarsa Nermin komai: malamar makaranta ce, ga hankali, ga iya girki. Launinta kawai ya tsallake, wai ba shi da muhimmanci. Haka matsorata ke kiran abin da suke tsoro.

Nermin kuwa shekara arba'in tana kuka gaban talabijin. A duk fim ɗin da ta gani, baƙar mace tire take ɗauka, ta ba mutane dariya, ta koma kicin.

Da baƙin suka iso, Gulizar ta shigo da tiren gahawa, kamar kowace amarya. Nermin ta yi mata murmushin kirki, wanda ya ƙara ɓata lamarin.

"Sannu 'yammata. Ajiye nan, ki ce wa uwar ɗakinki ta fito mu gan ta."

"Mama—" in ji Erdal.

"Ni ce, Inna," in ji Gulizar. Ta ajiye tiren a hankali, sai da ta kai kicin hawaye suka zubo.

Kawu ya miƙe. "Hanyar Istanbul da nisa. Gara ku kama ta da rana."

Wata biyar Kawu bai yarda an ambaci Erdal ba. Gulizar ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma gudu ba, ko da yake a fim da tuni ta hau jirgin ƙasa cikin ruwan sama. A waya ta ce wa Erdal, "Laifin mamarka kaɗan ne. Fim nawa ka rubuta? A wanne ka sa irina ta zauna a kujera?"

"Furodusoshi ba sa so..."

"Ka taɓa tambayarsu?"

Bai taɓa ba.

Nermin ce ta dawo da ƙafarta, ɗanta a baya kamar jela. Kawu ya bar su suka shiga, don ba a korar tsohuwa daga bakin ƙofa. A al'adarsu, amarya kan zuba gishiri a kofin gahawar ango, a ga ko zai shanye. Da tiren ya iso, Nermin ta ce, "'Yata, wanne ne nasa?"

Gulizar ta nuna. Nermin ta ɗauka ta shanye tas, idonta na ruwa.

"Cokali nawa kika sa?"

"Uku, Inna. Na wata biyar ne."

"Na gode da ba biyar ba. Ki yafe mini."

Kawu ya yi gyaran murya. "A haɗa wa yaron nasa. Bai tsira ba." Da Erdal ya shanye, Kawu ya ce ya ba shi auren Gulizar.

Gulizar ta gode wa Allah, ta sumbaci hannun surukarta. Haƙuri dai ya biya, kamar yadda yakan yi wani lokaci. Wanda kuma ya koyi mutane daga fim, ya shirya neman gafara idan ya gamu da su a falo.